Mai Albasa da Jar Takardar Naɗi

A gidanmu in za a aurar da yarinya, ni ake turawa bincike. Maza su je wurin limamin unguwar yaro da ubangidansa, su dawo da "mutumin kirki ne", ni kuma in zagaya ta baya in tambayi mai wankinsa da mai shayinsa da matar da ke sayar masa da abinci. Ban cika yarda da mutum ba, haka Allah ya yi ni. In ka gaishe ni ladabin ya yi yawa, sai in fara tunanin abin da kake ɓoyewa.

Yaya shi ne babban wana, ɗan kasuwar goro ne a nan Agege, kuma shi ya zame mana uba tun rasuwar Baba. Autarsa ce ta kawo wani mai albasa, mutumin ƙasar Sakkwato, yana da rumfa a kasuwar Mile 12 amma ɗakinsa na haya yana unguwarmu kusa da layin dogo. Mu da aka haifi iyayenmu a Legas muna da wani ɗan ji-da-kai a kan waɗanda mota ta sauke jiya, ba zan ɓoye ba. Sai dai yarinya ta nuna shi take so, kowa kuma ya ga haka a fuskarta. Uwarta, matar Yaya, wadda duk unguwa ke kira Alhaja, ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Gwaggo, abeg ki buɗe ido," ta ce. "Rashi ban damu ba, baƙunta ban damu ba. Amma in yana sa abu mai hayaƙi a bakinsa, ko sigari ne, no marriage. Na gama magana."

Na hau motar danfo har Mile 12. Duk wanda na tambaya sai yabo: ba ya cusa ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu, ba ya wuce sallah, ba a taɓa jin muryarsa a faɗa ba. Yabon ya yi yawa har ya fara damuna, don ban taɓa ganin mutumin da ba shi da ko maƙiyi ɗaya a kasuwa ba. Na dawo unguwa na zauna wurin mai shayin layinsu, na sa aka haɗa mini shayin da ba na bukata. Shi ne ya ce bai san masa komai ba, illa dai duk Juma'a in an sauko masallaci yakan tsallaka layin dogo ya je tiredar wani tsoho mutumin Nijar, alhali ga tireda nan birjik a ƙofar gidansu.

Juma'ar da ta zagayo na ja mayafi na tsaya wurin wata Bayarabiya mai gasa masara, ina taya abin da ba zan saya ba. Sai ga shi cikin farar riga. Ya wuce tireda ya wuce tireda, ya tsallaka layin dogo. Da ya isa wurin tsohon bai ce a ba shi komai ba, tsohon ne ya sunkuya ya zaro wani ɗan jan kwali daga ƙarƙashin tebur. Yaron ya waiga dama ya waiga hagu, ya cire hularsa ya jefa kwalin ciki ya mayar. Daga inda nake tsaye na gane takardar naɗin taba ce.

Takardar nan ba wanda zai koya mini ita, a kanta na girma. Babanmu ɗan tireda ne, kuma da ita ya yi suna, har daga Oshodi ake zuwa nema wurinsa. Shi ma gado ya yi. Kakanmu soja ne na zamanin Turawa, a bariki ya koyi naɗa taba, ya dawo da ita farar hula tare da takalminsa da tsawarsa. Baba yakan ce kafin takardar ta wadata, da abin da hannu ya kai ake naɗi: gefen jarida, takardar buhun siminti, ɓawon masara, har da littafin makarantar yara in uwarsu ba ta kusa. Daga baya ta fara shigowa ta jirgin ruwa, wata kuma ta kan iyaka da rubutun Faransanci a jiki. Akwai ja, mai ɗan kauri, ta tsofaffi. Akwai shuɗiya, siririya, wadda ake cewa ta shinkafa, ko da yake ban taɓa ganin shinkafa a cikinta ba. Akwai koriya da aka yanke wa kusurwa don waɗanda hannunsu bai faɗa ba. Dukansu mutane da sunan kamfani guda suke kiransu, ni dai ba zan yi wa kowa talla ba. Abin da ya fi ba Baba haushi shi ne ɗan danƙon da ke bakin kowane falle, wanda ake lasa a manne. Ya ce ƙaro ne, ƙaron dajinmu na arewa, aka kwashe aka kai waje aka shafa a bakin takarda aka dawo ana sayar mana.

Ina budurwa doguwar takardar ta shigo, kuma da ita komai ya canza. Masu sayenta ba tsofaffin soja ba ne, samari ne masu jan ido da ke zama a kan layin dogo, kowa ya san wiwi suke naɗawa. Baba ya ƙi ajiye ta har ya rasu. Yanzu kuwa ba a magana: ga mai ruwan ƙasa, ga mai ƙamshin alewa, ga jabu da kwalinta ya fi na gaskiya kyau amma danƙon ba ya kamawa. Masu naɗa tabar gargajiya sun ƙare, masu sigari kwalinsu suke saya. Saboda haka a Agege ta yau, in aka ga saurayi da takardar naɗi ba a tambayar me zai yi da ita.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Kwalin da ya saya ja ne, gajere, irin na tsofaffi. Na jira ya yi nisa na ƙarasa wurin mai tiredar, na sayi ashana, na ce ashe har yanzu ana samun jar nan.

"Bon, Hajiya, wannan ai ba ta da kiliyan, ba mai saye," ya ce. "Mutum guda nika ajiye ma ita."

"Yaron nan mai farar riga?"

Ya dube ni, ya shiga gyara alewar da ba ta karkace ba. Na tafi ina ba kaina amsa: yaron mai wayo ne, ya san doguwar ce ke tona asiri, shi ya sa yake sayen gajera ya haɗa biyu. Na taɓa ganin masu yin haka.

Ban kai magana gida ba sai da na kira mai albasar ɗakina. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, na ce ya shigo ciki inda haske yake. Na miƙa masa ruwa don in ga yatsunsa. Babu rawaya a farce, leɓe bai yi baƙi ba, ido fari tas. Na matso kamar zan gyara labule na shaƙi rigarsa, ba abin da na ji sai albasa. A raina na ce to, wa ya san ko don haka ya zaɓi sana'ar.

"Ran Juma'a me ka saya a tiredar tsallaken layi?" na tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai. "Takarda ta, Gwaggo."

"Ta rubuta wasiƙa?"

"Ta naɗi ta. Amma wallahi ni ban shan taba, ban taɓa sa ta baki ba. Aike na."

"Aiken wa?"

"Ba ni iya hwaɗi."

"Ka san aurenka a kan wannan amsar yake?"

Can ya ce, "Na sani, Gwaggo. Ki yi haƙuri, ba ni iya hwaɗi."

Aike ne, ba zan iya faɗa ba. Duk ɗan wiwin da aka taɓa kamawa da takarda a unguwar nan abin da ya ce ke nan. Na sallame shi, na ɗauki mayafina na nufi gidan Yaya.

Na same su a falo bayan la'asar, Yaya a kujerarsa yana jan carbi, Alhaja tana tsince wake a tire. Na faɗi abin da idona ya gani da abin da yaro ya ce, ban ƙara ban rage ba. Alhaja ta dire tiren har wake ya zube.

"Ehen! Na faɗa! Wannan shiru-shirun nasa, I no trust am tun farko. Alhaji, ka ji ko?"

Yaya bai ɗago ba. Ya ci gaba da jan carbinsa, sannan ya ce a hankali, "To, a dakata tukuna."

Dakatawa a bakin Yaya kowa ya san ma'anarta. Aka hana yaro zuwa zance. Magana ta fita, kamar yadda take fita a gidan haya mai ɗaki da yawa, kafin mako ya zagayo yaran layi sun sa masa suna. Yarinyar ta zo ɗakina da ido a kumbure, ta tsaya ba ta zauna ba.

"Gwaggo, kin gan shi yana sha?"

"Na gan shi yana saye."

"Amma kin gan shi yana sha?"

Na ce mata wanda ya sayi tukunya ba sai an gan shi yana girki ba, ta je ta yi wa Allah godiya da aka gano da wuri. Ta fita ba ta yi mini sallama ba. Daga ranar ta rage cin abinci, ta rame har wuyanta ya fito. Ina tausayinta ƙwarai, amma ban ga abin da zan janye ba.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne yaron bai fasa ba. Wata Juma'ar na sake tsayawa wurin mai masara, sai ga shi, da ramarsa da komai, ya tsallaka layi ya karɓi jan kwali ya sa a hula. An hana ka mata saboda abu, duk unguwa na nuna ka, kuma ka koma kansa da rana tsaka? Na ce wannan rashin kunya sai Yaya ya ji ta yau, ba sai ya koma gida ba. Na biya na sauke wani saƙo, sannan na wuce siton goronsa, inda rabona da shiga tun ina yarinya.

Ba kowa a gaba, masu aiki sun tafi cin abinci. Na yi sallama ba a amsa ba, na kutsa tsakanin kwanduna da huhunan goro zuwa ƙuryar ciki. Tun kafin in ɗaga buhun da aka rataya a matsayin labule wani wari ya tare ni, warin da rabona da shi tun tiredar Baba. Yaya na zaune a kan kifaffen kwando, ya cire babbar riga ya rataye ta can nesa. Gwangwanin taba a buɗe a cinyarsa, sabon jan kwali a gefe, ga guntuwar wadda ya gama tana hayaƙi a ƙasa. Ya ɗauko falle ya kai bakinsa zai lasa, muka haɗa ido.

Dattijo mai furfura, wanda ake kira sasanta rigimar kasuwa, ya tsaya da harshe a waje da 'yar takarda a hannu.

"Yaya," na ce. "Kai ne?"

"Sauke labulen," ya ce.

Shekarun baya Yaya ya yi ciwon ƙirji mai tsanani, har muka fitar da rai. Alhaja ce ta yi jinyarsa a asibiti, ta sayar da sarƙarta, ta kwana a kan tabarma a ƙasan gadonsa. Ranar da aka sallame shi ya riƙe hannunta a gabanmu ya rantse ya bar taba har abada. Tun daga nan ba bikin da za a yi Alhaja ba ta ba da labarin ba: mijinta ya yi rantsuwa sau ɗaya, bai sake waiwaya ba. Shi ne abin alfaharinta a duniya, ya fi mata zuwa Makka da ta yi.

Ya ce ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ya daure na wani lokaci, sannan ya koma. Sigarin kwali ba ya yi masa, sai naɗi irin na Baba. Tabar ba wuya, masu kawo kaya daga arewa suna zuwa da ita. Takardar ce matsala, don ba ɗan Agegen da zai aika tireda labari bai riga shi isa gida ba. Sai ya nemi baƙo wanda ba a sani ba, ya samu wani mai albasa da ke bin sahunsa a masallaci, ya sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba. A wajen kawo saƙon ne ma wata rana yaron ya ga yarinyar ta kawo wa ubanta abinci.

"Kana zaune na kawo maganar," na ce. "Kana zaune ka ce a dakata. 'Yarka ta ƙare a tsaye, yara na bin yaron mutane da waƙa, kai kana nan kana naɗi. Kuma ka bar shi yana ci gaba da sayo maka!"

"Na ce ya bari, ya ce in ya bari wa zai sayo mini."

"To ka tashi mu je ka faɗa mata."

Ya girgiza kai. "Ba zan iya kallon idonta ba. Ki rufa mini asiri, don darajar Baba. Zan gyara."

Ban taɓa jin Yaya ya roƙi wani ba, balle ni da ya goya. Na ji haushinsa kamar in kifar da kwandunan, na kuma ji tausayinsa, duka a lokaci guda. Na ce na ba shi zuwa Juma'a mai zuwa, in bai gyara ba ni zan gyara.

Gyaran da ya yi ba shi nake nufi ba. Ya tara mu ya ce ya yi nasa binciken, ya gamsu da yaro, ya ba shi, a sa rana. Alhaja ta tambayi me ya gano, ya ce shi ne uban yarinya kuma ya gama magana. Ta yi kuka, ta yi Yarabanci, ta yi Turanci, ta juyo kaina ta ce in maimaita abin da na gani. Na ce na ga ya sayi takarda, ban ga ya sha ba. Ta dube ni kamar an saye ni. Aka ɗaura aure, aka yi biki, yarinya ta mayar da jikinta.

Alhaja ba ta taɓa sauka daga kan bakanta ba. In surukin ya zo gaisuwa, yana fita take buɗe tagogi. In ya ɗauki jikanta, sai ta karɓe yaron ta shinshina kansa a gaban kowa. Ko tari jaririn ya yi, ta san daga inda ya samo. Shi kuwa ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye mata buhun albasa, ya tashi. Yaya na kujerarsa yana kallo, bai taɓa cewa uffan ba, ni kuma in koma gida in kasa cin abinci don takaici. Surukin kuwa ko matarsa bai faɗa wa ba. Ita dai ta ce ba ta taɓa jin warin komai a jikinsa ba, wannan ya ishe ta.

Ciwon ƙirjin ne ya dawo ya ɗauki Yaya. Surukin ne ya yi ta jigila da shi asibiti, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Da Alhaja ta fita takaba aka yi taron addu'a a gida, mata cike da tsakar gida, ta sake ba da labarin rantsuwar tana share hawaye. Ta ce likitoci sun ce tsohon tabo ne, amma ita shaida ce, Alhaji ya koma ga Ubangijinsa da alkawarinsa a cike. Tana rufe baki surukin ya shigo da lemo a kafaɗa, ta ce ya ajiye a can waje, akwai yara a nan.

Na bi shi soro na tare shi. Na ce mai alkawarin ya tafi, yau zan shiga in faɗa mata komai a gaban matan nan, ya isa haka.

"A'a, Gwaggo," ya ce. "Don Allah kar ki hwaɗi."

"Kai ba ka gaji ba? Har 'ya'yanka su girma su ji ana kiran ubansu mashayi?"

Ya leƙa tsakar gida, inda Alhaja ke zaune a tabarma ana ta riƙe mata hannu.

"Ni ina da mata, ina da ɗiya, ina da rumhwata," ya ce. "Ita mi ya rage mata in ba wannan labarin ba?"

Ya sunkuya ya jera lemon a waje, inda ta ce.